Tseren mota mai kujera ɗaya: filin da makanikai da malaman makaranta ke shiga da kuɗin aljihunsu

Tun ranar 13 ga watan Disamba na 2024, da shugaban Ruwanda Paul Kagame ya sanar a birnin Kigali cewa ƙasarsa na neman karɓar gasar Formula 1, ake ta tafka muhawara kan ko babbar gasar tseren motoci ta duniya za ta dawo Afirka. Rabon nahiyar da ita tun 1993, shekarar da Bafaranshe Alain Prost ya lashe tseren filin Kyalami, kusa da Johannesburg a Afirka ta Kudu.

Zancen bai tsaya a manyan birane ba. A Tsauni da Matamaye da sauran garuruwan gundumar Kance, a jahar Damagaram, samari na kallon guntayen bidiyon tseren a wayoyinsu, kuma in an zauna shan shayi a fada akan ji mai tambaya: wai ta ina mutum ke bi har ya tsinci kansa a cikin irin wannan mota? Amsar da aka saba bayarwa ita ce sai ɗan attajiri. In Formula 1 ake nufi, amsar ba ta yi nisa da gaskiya ba, domin kujerunta ashirin ne da 'yan kai a duk duniya. Lewis Hamilton da kansa, wanda ya ci kambin duniya sau bakwai, ya koka a 2021 cewa wasan na komawa na 'ya'yan masu kuɗi.

Sai dai a ƙarƙashin waccan gasa akwai wata duniya da talabijin ba ta cika nunawa ba. A Ingila da Faransa da Amurka da Brazil da Afirka ta Kudu, ranakun Asabar da Lahadi, makanikai da malaman makaranta da ƙananan 'yan kasuwa da tsofaffin da suka yi ritaya na jawo motocinsu a bayan wata motar zuwa filin tsere. Ba mai biyan su albashi. Su ke biyan kuɗin shiga, su sayi mai da taya, su yi tsere, ranar Litinin kowa ya koma bakin aikinsa. Su ne 'yan sha'awa, kuma sun fi ƙwararrun yawa nesa ba kusa ba.

Wace irin mota ce?

Faransawa na kiranta monoplace, wato mai wurin zama ɗaya. Ba ta da ƙofa, ba ta da rufi, ba ta da wurin kaya. Direba na zurawa ciki ta sama, ya kishingiɗa kamar mai shirin kwanciya, ƙafafunsa a miƙe gaba, injin kuma a bayan kafaɗunsa. Tayoyi huɗu a fili suke, babu abin da ya rufe su. Wannan ne ya bambanta ta da motar tseren da aka gyara daga motar gida, kuma nan ne babban haɗarinta yake: in tayar wata ta hau tayar wata suna cikin gudu, ta bayan na iya tashi sama.

Iri biyu ne suka fi shahara a wajen 'yan sha'awa. Na farko Formula Vee, wadda aka fara a Amurka a farkon shekarun 1960. Dabarar mai sauƙi ce: a ɗauko inji da akwatin giya da ƙafar gaba na tsohuwar Volkswagen ɗin nan mai kama da kunkuru, wadda Faransawa ke kira Coccinelle, a ɗora su a kan ƙirar bututun ƙarfe da aka yi wa walda. Kayan gyaranta na da araha, kuma duk makanikin da ya taɓa buɗe injin Volkswagen zai gane kanta. Emerson Fittipaldi na Brazil da Niki Lauda na Ostiriya, waɗanda daga baya suka zama zakarun duniya, duk sun bi ta cikinta.

Na biyu Formula Ford, wadda aka ƙaddamar a filin Brands Hatch na Ingila a 1967, da injin motar gida na kamfanin Ford. Nauyinta har da direba bai wuce wajen rabin tan ba, shi ya sa ƙaramin inji mai cc 1600 ke iya kai ta gudun da ya haura kilomita 200 a awa. Ayrton Senna a cikinta ya fara suna a Ingila a 1981. Duka biyun ba su da fukafukan nan da ake gani a gaba da bayan motar Formula 1, waɗanda aikinsu shi ne su sa iska ta danne mota a ƙasa. Tun da babu su, motar kan zame a kwana, sai direba ya riƙe ta da hannu da ƙafa. Masu koyar da tsere na son su saboda haka: ba abin da ke rufa wa direba asiri.

Dokokin waɗannan gasa sun ƙayyade kusan komai, daga girman inji zuwa irin taya da mafi ƙarancin nauyi. An yi haka ne don kada mai kuɗi ya saye nasara a kanti. Ba a ce kuɗi ba ya aiki ba, don mai sabuwar taya kullum yana gaban mai tsohuwa, amma tazarar ba ta kai ta manyan gasa ba.

Takarda kafin sitiyari

Lasisin tuƙi na kan hanya ba ya shigar da mutum filin tsere, kuma rashinsa ba ya hana shi. Yara 'yan shekara 15 na tsere a Formula 4 alhali doka ba ta ba su damar tuƙa mota a titi ba. Abin da ake nema shi ne lasisin tsere, wanda hukumar wasan motoci ta kowace ƙasa ke bayarwa a ƙarƙashin hukumar duniya ta FIA, mai hedkwata a Paris. A Faransa hukumar FFSA ce ke bayarwa, a Afirka ta Kudu kuma Motorsport South Africa.

A Ingila, alal misali, sabon shiga zai yi jarrabawar rubutu kan dokoki da ma'anar tutoci, sannan ya zagaya fili da malami a gefensa. Malamin ba gudu yake dubawa ba, natsuwa yake dubawa: ko mutum na kallon madubi, ko ya san inda zai taka birki. In ya ci, za a manna wa bayan motarsa alamar baƙin kuros a kan ruwan ɗorawa, don na bayansa su san ɗan koyo ne, kuma ba zai cire ta ba sai jami'an fili sun sa masa hannu a tsere shida. Ana kuma duba lafiyar ido, a wasu matakan har da ta zuciya.

Sai kayan jiki. Hular kwano mai hatimin amincewa, rigar da wuta ba ta saurin ci, safar hannu da takalmi na musamman, da wani abin wuya da ake kira HANS wanda ke ɗaure hular da kafaɗu don kada wuya ya karye in mota ta tsaya farat ɗaya. An wajabta shi a Formula 1 tun 2003, daga baya ya sauko har ƙananan gasa. Bel ɗin kujera kuwa mai madauri shida ne, ana ɗaure shi tamau har numfashi ya yi nauyi. Sau da yawa kuɗin waɗannan kaya kaɗai kan kai na sabuwar moto ko ya fi.

Yadda ranar tsere take

Da sassafe jami'ai ke binciken mota: birki, bel, na'urar kashe gobara, ƙarfen da ke kare kan direba in mota ta kife. Wadda ta faɗi binciken ba ta shiga, ko daga ina mai ita ya taso. Daga nan sai zagayen neman gurbi, inda kowa ke ƙoƙarin yin zagaye ɗaya mafi sauri. Wanda ya fi kowa shi ke tsayawa a sahun gaba. Tseren kansa gajere ne, galibi minti 15 zuwa 20. Mutum ya yi wata guda yana kwance inji da dare saboda wannan ɗan lokaci.

Abin da ke ba sabon shiga mamaki shi ne maƙure totur ba shi ne gwaninta ba. A miƙaƙƙiyar hanya kowa na iya yi, kuma tun da injinan kusan ɗaya ne, ba a samun tazara a nan. A kwana ake cin tsere. Direba na tunkarar kwana daga gefen waje, ya taka birki da ƙarfi a daidai wuri ɗaya kowane zagaye, ya yanko zuwa gefen ciki, sannan ya bar motar ta buɗe zuwa waje yana ƙara mai. Wanda ya shiga kwana da gudun da ya wuce kima zai fita a hankali, na bayansa ya wuce shi a miƙe. Tsakanin na ɗaya da na goma, a zagayen da ya kai kilomita uku ko huɗu, bambancin kan zama daƙiƙa ɗaya ko biyu kacal.

Akwai kuma dabarar fakewa a bayan na gaba. Duk ɗan kabu-kabun da ya taɓa bin bayan babbar mota ya san iska kan yi sauƙi a wurin (abin da bai kamata a yi a titi ba, don in ta taka birki sai dai wani labarin). A fili kuwa dabara ce halattacciya: na baya ya laɓe, na gaba ya yi ta fasa masa iska, sai an kusa kwana ya fito ya wuce. A Formula Vee, inda inji ba shi da ƙarfi sosai, akan ga motoci biyar ko shida a jere kamar an ɗaure su da igiya, kuma wanda ke gaba a farkon zagayen ƙarshe sau da yawa ba shi ke cin tseren ba.

A kowace kwana akwai masu tsaro riƙe da tutoci, su ma yawancinsu 'yan sa-kai ne. Tuta ruwan ɗorawa na nufin akwai haɗari a gaba, a rage gudu, ba a wuce kowa. Ja na nufin an tsayar da tsere. Shuɗiya na gaya wa direba wanda ya fi shi sauri na tafe a bayansa. Baƙa kuwa kira ne: fito daga fili, alƙalai na son ganinka. Mai zanen dara baƙi da fari ita ce ta ƙarshe. Motar asibiti da likita na nan tun kafin a tayar da inji na farko, kuma in babu su ba a farawa.

Duk da haka ana jin ciwo, ana kuma mutuwa. A watan Afrilu na 2017 wani matashi ɗan Ingila mai shekara 17, Billy Monger, ya afka wa motar da ta tsaya a filin Donington a gasar Formula 4, aka yanke masa ƙafafu biyu. Bafaranshe Anthoine Hubert ya rasu a filin Spa na Beljiyam ranar 31 ga Agusta 2019 a gasar Formula 2. A ɗaya gefen kuma, Romain Grosjean ya fito da ransa daga cikin wuta a Bahrain a watan Nuwamba na 2020, bayan motarsa ta rabe biyu, saboda rigar wuta da ƙarfen kare kai da ake kira halo, wanda aka wajabta a 2018.

Maganar kuɗi

Wanda ya san sukuwa a Damagaram ko Maraɗi, ko a tsallaken iyaka a Daura da Katsina, ya riga ya fahimci lissafin. Mai doki na ciyar da shi dawa da harawa shekara guda, ya biya mai kula da shi, ya yi hayar motar da za ta kai shi fili, kuma ko ya zo na ɗaya, kyautar ba kasafai take mayar da abin da ya kashe ba. Yana yi ne don so da kuma suna. Haka ɗan sha'awar tseren mota yake, sai dai shi ne mai dokin, shi ne mahayin, sau da yawa shi ne ma mai share barga. Abin da yake kai wa gida ƙaramin kofi ne.

Tsohuwar Formula Vee a Turai kan yi kuɗin da bai fi na motar Kwatano mai kyau ba, kuma tana iya shekara ashirin ko talatin tana tsere. Abin da ke cin aljihu shi ne na yau da gobe: kuɗin shiga kowane tsere, taya, mai, gyaran inji, tafiya. Ga kuma wata al'ada da ke ba baƙo mamaki: inshorar mota ta kan hanya ba ta aiki a fili, kuma kowa shi ke gyara motarsa ko da wani ne ya buge shi. Alƙalai na iya hukunta mai laifi, amma ba za su sa shi ya biya ba.

Da an hau mataki na gaba lissafi ya sauya. Formula 4, wadda FIA ta kafa a 2014 don matasa masu neman zama ƙwararru, kakar wasa ɗaya a Faransa ta haura Yuro dubu 100, wato sama da miliyan 65 na Sefa, kuma ana ganin ta Faransa na cikin masu sauƙi. Formula 3 da Formula 2 sun ninka haka sau da yawa. Iyayen Esteban Ocon, wanda mahaifinsa makanike ne, sai da suka sayar da gidansu suka koma kwana a motar tafiye-tafiye don ɗansu ya ci gaba da tseren kart, 'yar ƙaramar motar da yara ke farawa da ita. Ocon ya ci tseren Hangari a 2021. Iyalai da dama sun yi irin wannan sadaukarwa ba su ga komai ba, kuma su ba a ba da labarinsu.

Abin da Nijar ta gani

Nijar ba ta da filin tseren mota mai kwalta irin wanda ake magana a kai. Amma ta san direbobi 'yan sha'awa ta wata ƙofa, wato tseren hamada na Paris-Dakar. Bafaranshe Thierry Sabine ya ɓace a hamada a kan moto a 1977, lokacin tseren Abidjan zuwa Nice, kuma daga wannan ɓata ya samo tunanin shirya nasa. Ayarin farko ya tashi daga Paris ranar 26 ga Disamba 1978 da motoci da motoci masu ƙafa biyu 182, ya biyo ta Agadas da Yamai, 74 suka isa Dakar. Yawancinsu ba ƙwararru ba ne, mutane ne da suka gyara motocinsu a garejin gida. A 1986 ayarin ya ya da zango a Damagaram kafin ya wuce Yamai, kuma kwanaki kaɗan bayan haka, ranar 14 ga Janairu, Sabine ya mutu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Mali tare da mawaƙi Daniel Balavoine. An watsa tokarsa a Tenere, a gindin wata bishiya da ke ɗauke da sunansa. A 1997 Agadas ce ma ta zama wurin juyawar tseren baki ɗaya, daga Dakar zuwa can a komo. A 2000 kuwa, saboda barazanar tsaro, aka kwashe ayarin a jiragen sama daga Yamai zuwa Libiya. Tseren ya bar Afirka bayan soke na 2008, yanzu a Saudiyya ake yin sa tun 2020.

Paris-Dakar ya nuna abin da ke faruwa in aka yi tsere a hanyar da jama'a ke bi. A tsawon shekarunsa 'yan kallo da mazauna ƙauyuka, har da yara, sun mutu a ƙarƙashin motocin ayarin. Filin zagaye an ƙirƙiro shi ne don kauce wa wannan: shinge, hanya ɗaya da kowa ke bi ta fuska ɗaya, fili mai tsakuwa a bayan kwana don tsayar da motar da ta ƙwace, babu amalanke, babu akuya, babu yaro mai tallar rake. Wasan da samari ke yi da moto ko mota a rakiyar amarya, a kan hanyar Matamaye zuwa Ɗan Barto ko a tsakiyar gari, ya ɗauki haɗarin tsere ya bar duk abin da ke rage shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma in aka auna da yawan jama'a Afirka ce ke kan gaba.

Ina ne mafi kusa?

A Afirka ta Yamma filin da aka fi sani shi ne na Dakar-Baobabs da ke Sindia a Senegal, mai tsawon kilomita 4.7, inda ake tseren awa shida na Dakar, galibi da motoci masu rufi. Maroko na da filin Marrakech, wanda ya karɓi gasar motocin lantarki ta Formula E tsakanin 2016 da 2022, kuma ƙasar ta taɓa karɓar Formula 1 a Casablanca a 1958. A Legas da Abuja akwai ƙananan filayen kart na nishaɗi, inda mutum ke biya ya yi 'yan mintoci.

Inda tseren kujera ɗaya na 'yan sha'awa ya yi saiwa a nahiyar shi ne Afirka ta Kudu. Ana yin Formula Vee a can tun shekarun 1960, a filaye irin su Zwartkops kusa da Pretoria da Killarney a Cape Town. Jody Scheckter, wanda ya koyi aiki a garejin mahaifinsa a East London, ya ci gasar Formula Ford ta ƙasar a 1970, kyautarsa kuwa tikitin zuwa Turai. A 1979 ya zama zakaran duniya da Ferrari, kuma har yau shi kaɗai ne ɗan Afirka da ya kai nan. 'Yar ƙasarsu Desiré Wilson, ita ma daga Formula Vee da Formula Ford ta taso, ta ci tseren motocin Formula 1 na gasar Birtaniya a Brands Hatch a 1980. Daga baya-bayan nan akwai Ugo Ugochukwu, haifaffen Amurka wanda mahaifiyarsa 'yar Najeriya ce, da ya ci babban tseren Macau a 2024, amma shi a Amurka da Turai ya koyi tuƙinsa.

Wata ƙofar da ta buɗe ita ce ta wasan kwamfuta. A 2011 wani matashi ɗan Birtaniya, Jann Mardenborough, ya doke mutum kusan dubu 90 a gasar GT Academy da kamfanonin Nissan da Sony suka shirya a kan wasan Gran Turismo, alhali bai taɓa tsere a fili ba. Shekara biyu bayan haka yana tuƙa Formula 3, ya kuma zo na uku a rukuninsa a tseren awa 24 na Le Mans. Max Verstappen, duk da kambunansa na duniya, har yanzu yana shiga tseren intanet da dare. Wannan hanya na buƙatar sitiyarin wasa da kwamfuta mai ƙarfi da intanet da wutar lantarkin da ba ta yankewa, kuma a Tsauni kowanne daga cikinsu magana ce mai zaman kanta.

Ga makanikai da masu walda kuwa, abin lura shi ne yawancin motocin Formula Vee na farko a ƙananan gareji aka haɗa su, da bututun ƙarfe da injin tsohuwar mota. Masu aikin hannun da ke tayar da matacciyar Peugeot a Damagaram ko Matamaye ba za su ga baƙon abu a cikinta ba. Abin da ya fi wuya shi ne sauran: fili mai shinge, hukumar da za ta ba da lasisi ta binciki mota, likita da motar asibiti a bakin fili, da masu tutoci a kowace kwana. Ko Ruwanda, da ke neman babbar gasar, sabon fili take shirin ginawa kusa da filin jirgin saman Bugesera, kuma Afirka ta Kudu na nata ƙoƙarin na ɗaga darajar Kyalami zuwa matakin da FIA ke buƙata kafin a dawo da Formula 1 can.